Maganin Ido a Gemu

Tela mutum ne mai kafiyar tsiya, amma ciwon suga ya ladabtar da shi. Ya bar shayi mai zaƙi, yana haɗiye ƙwayoyinsa a kan kari. Ba biyayya ba ce, tsoro ne: in ya saɓa da safe, kafin yamma jiri ya kwantar da shi.

Sai ga hawan jinin ido ya biyo baya, da 'yar kwalbar maganin ɗigawa safe da yamma. Likita ya ce ciwon daga gefe-gefe yake cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Tela ya ji ba zafi ba ƙaiƙayi, sai ya raina shi. Yau ya ɗiga, gobe ya ce ƙwayoyin suga sun ishe shi hidima. Ranar da ya tuna ma wata sabuwa ce, don sugan ya kashe masa kan yatsu, ba ya jin matsin kwalbar. Sai ya ɗaga kai, ya wage baki kamar bakin ne zai sha, ya matsa. Wani ɗigon ya sauka a gira, wani a kunci, sauran su gangara gemu.

"Maigida, kawo in ɗiga maka," in ji matarsa.

"Ni da nake zura zare a allura ido rufe? Je ki abinki."

"Gemun dai ya warke, har sheƙi yake."

Ran nan 'yarsu ta zo gaisuwa, ta zauna gabansa yana kan keken ɗinki. Uwar ta fita sauke tukunya, ta dawo ta zauna daf da shi ta dama. Tela ya rage murya.

"Gara da uwar nan taki ta fita, in sha iska. Ta fi likita takura."

'Yar ta ƙunshe dariya. "Baba, ga ta nan fa a kafaɗarka."

"Ina?"

Sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya sannan ya gan ta. Matar ta dubi 'yarta. Dariyar 'yar ta ɗauke. Tsoro ya kama Tela, irin wanda jiri bai taɓa sa shi ba.

Ya lalubo kwalbar a aljihu, ya miƙa wa matarsa, ya kwantar da kai baya.

"Ɗiga," ya ce a hankali. "Amma ki zagayo ta gabana, inda nake ganinki."