Wasan Ƙarshe a Kan Zanen Gado

Dogon benen da ke bayan masana'antar yankan kaji baƙi ne zalla a cikinsa. Kowa daga ƙasarsa ya zo neman abinci, kowa da harshensa, amma matakala ɗaya ake hawa, banɗaki ɗaya ake bi a kowane hawa, kuma bangon ɗakunan siriri ne har idan wani ya yi atishawa maƙwabcinsa ke ce masa sannu. A hawa na uku Maman Dogo take zaune da ƙaninta. Aikinta wanki da guga a wani kamfani da ke wanke wa otal-otal zannuwan gado. Mijinta ya je gida duba mahaifiyarsa aka rufe iyakoki saboda annoba, ya maƙale a can, sai dai a gaisa ta waya.

Ɗanta Dogo shi ne mai tsaron gida na biyu a ƙungiyar ƙwallon garin. A tsakar gidan benen nan ya koyi kama ƙwallo, tsakanin igiyoyin shanya, ya yayyaga wandunan da ita kanta ba ta san adadinsu ba a kan siminti. Tun da ƙungiyar ta ɗauke shi kuwa benci yake ɗumamawa. Ƙanin nata, wanda duk gidan ke kira Kawu, yakan ce duk ƙasar babu wanda ya san bencin nan kamar Dogo, har inda ƙusa ta ɗago ya sani.

Kawu direban motar raba kaya ne, amma aikin da ya ɗauka da gaske shi ne goyon bayan ƙungiyar. Yana da wata ƙatuwar ganga da yake rataya a wuya, kuma ko ƙungiyar na shan kashi ba ya fasa kaɗawa. Da hukuma ta ga cutar ta ɗan lafa ta buɗe filin wasa ranar wasan kusa da na ƙarshe, shi ya bi ɗaki-ɗaki ya cika bas biyu da mutanen gidan. Har Baba Mai Gadi, tsohon da ke tsaron ƙofar benen, sai da ya saka hularsa ya bi su. Aka ci wasa, aka rungume juna, takunkumi duk ya koma haɓa, aka dawo ana waƙa da tagogi a rufe saboda sanyi.

Ba a daɗe ba tari ya fara. Daga hawa na biyu ya tashi, ya haura, ya sauko. Motar asibiti ta zama kamar 'yar gida. Maman Dogo ta yi ta dafa ruwan zafi tana ajiye wa maƙwabta a bakin ƙofa, shi kansa Kawu sai da ya yi kwanaki a kwance yana numfashi da ƙyar. Ya tashi. Baba Mai Gadi bai tashi ba, kuma ko gawarsa ba a bari matarsa ta gani ba.

Abin da ya ƙara mata ciwo shi ne maganar gari. Filin nan dubban mutane ne suka cika shi, amma da cuta ta bazu sai aka ce baƙi ne suka kawo ta. A bas wata mata ta ji inda za ta sauka, ta tashi daga kusa da ita ta koma baya. A wurin aiki manaja ya tare ta a ƙofa, yana magana yana ja da baya.

“Ki koma gida tukuna. Ba ke kaɗai ba ce, duk 'yan gidanku ne.”

Sai da aka yi mata gwaji sau biyu kafin a bar ta ta sake taɓa dutsen guga.

An ɗage wasan ƙarshe, aka sake ɗagewa, daga baya aka sa rana, aka kuma ce 'yan kallo za su shiga. Gidan ya fara murmurewa ke nan, wata safiya tana ninke kaya wayarta ta yi ƙara. Dogo ne daga sansanin da aka killace su.

“Mama, kina zaune?”

“Ina tsaye. Lafiya?”

“To zauna. Golanmu ya kamu, jikinsa da sauƙi amma ba zai buga ba. Koci ya ce ni zan tsaya a raga.”

Ta zauna a kan kayan da ta gama ninkewa. Kawu da ke goge haƙora a baranda ya ji, ya shigo da kumfa a baki yana tsalle, ya fita ya sanar wa duk gidan. Kafin azahar har an fara maganar bas nawa za a ɗauka, ƙungiyar kuma ta aiko wa uwar mai tsaron gida tikiti na kujerun gaba.

Ta daɗe tana juya tikitin a hannu. Ba ta taɓa ganin ɗanta ya tsaya a babban fili ba, sai a hoto, sanye da rigar sanyi a bayan koci. Daga inda take zaune tana hango tagar Gwaggo, matar Baba Mai Gadi, wadda labulenta bai ɗaga ba tun rasuwar. Da Kawu ya dawo da yamma yana lissafa mata waɗanda suka ce za su, sai ta ce:

“Ni ba za ni ba.”

Ya yi dariya. Da ya ga fuskarta dariyar ta tsaya.

“Yaya, wasa kike? Ɗanki ne fa. Ɗan da kika haifa!”

“Na san ni na haife shi, ina wurin.”

“To me za a ce? Filin ya cika da mutanen da ba su san shi ba suna kiran sunansa, uwarsa na gida tana guga?”

“A ce abin da za a ce. Wancan karon da ka cika bas, mutum nawa ka dawo da su lafiya? Kai da kanka ni na riƙa juya ka a katifar nan kamar jariri. Idan aka sake zuwa aka kwaso, ta matakalar nan za ta bi, kuma gobe a ce baƙi sun sake kawowa. Ranar farin cikin yaron nan ba za ta zama ranar da za a riƙa tunawa da makoki ba.”

Idon Kawu ya kaɗa. Maganar bas ɗin nan ita ce abin da ba ya so a taɓa masa. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita, bai ci abinci ba.

Da ta kira Dogo ta gaya masa, sai ya ce:

“Na so in ɗaga kai in gan ki, Mama.”

“Idan kana ɗaga kai kana neman uwarka, wa zai kalli ƙwallon? Ka tsare ragarka, ni zan gan ka.”

Ta faɗa ne kawai, ba ta san ta yaya ba, domin 'yar talabijin ɗinsu ko fuskar mutum ba a ganewa sosai. Washegari a wurin aiki tana ware zannuwan da otal suka daina karɓa, waɗanda guga ta ƙona ko suka yage a gefe, sai ta tsaya da ɗaya a hannu. Ta tuno ƙaton bangon sito da ke fuskantar barandojin gidansu, wanda babu ko taga ɗaya a jikinsa. Ta je wurin manaja ta roƙi zannuwan. Ya tambaye ta abin da za ta yi da su, ta ce ɗanta za ta kalla. Da ya ji ko wane ne ɗan nata sai ya saki baki, ya ce ta kwashe duka, har da sababbi biyu ya ƙara mata.

Ita da matan hawa na uku suka haɗa su da keken ɗinki, kowacce a ɗakinta, ana miƙa wa juna ta baranda. Mai gyaran lantarki na hawa na ɗaya ya ce makarantar da yake yi wa gyara tana da majigi yana zaune ba aiki, zai aro. Ranar da aka rataye zanen ya sauko fari fat ya rufe rabin bangon, mutane suka fito baranda suna kallo. Nan Maman Dogo ta tsaya a tata ta ɗaga murya.

“Jama'a, ni dai uwar yaro a nan zan kalla. Wanda ya fi ni son sa, ga hanya nan.”

Aka fashe da dariya daga sama har ƙasa. Wani mahauci daga hawa na biyar ya ce to shi kam bai isa ba, a mayar masa da kujerarsa ta bas ta zama kujerar baranda. Ɗaya bayan ɗaya aka janye. Wasu samari biyar ne kawai suka ce ko ana ha maza ha mata sai sun je. Ba ta yi faɗa da su ba. Ta ce su je, amma idan sun dawo a ɗakin ajiya na ƙasa za su zauna har a gwada su, suka ce sun yarda.

Kawu bai sa musu hannu ba duk kwanakin nan. Ranar wasa da la'asar sai ga shi ya fito da gangarsa a wuya. Maman Dogo ta zaci fili za shi. Ya tsaya a bakin ƙofa bai kalle ta ba.

“A kan rufi zan tsaya. Daga can kowa zai ji.”

Rana na faɗuwa majigi ya haska. Kowane iyali a barandarsa, yara a kan kujeru, tsofaffi cikin bargo, lasifika biyu a tsakar gida. Da aka nuno 'yan wasa suna fitowa, Dogo ya bayyana a bango, tsawonsa ya kai hawa biyu. Ihun da gidan ya yi sai da karnukan unguwa suka amsa. Maman Dogo ta ga labulen Gwaggo ya motsa, tsohuwar ta jawo kujera ta zauna a bakin taga.

Ƙwallon farko da ta zo masa ta kuɓuce daga hannunsa, da ƙyar wani ɗan baya ya fitar. Maman Dogo ta dafe ƙirji. Kawu daga sama ya ƙara wa gangar wuta kamar yaron na jin sa. Ta biyu ya kama ta cak. Ta uku ya yi tsalle ya doke ta ta bi ta saman raga. Kafin a tafi hutu ƙungiyarsu ta jefa ɗaya, mahaucin nan ya yi ta buga murfin tukunya har matarsa ta ƙwace.

Bayan hutu wasa ya koma gaban ragar Dogo gaba ɗaya. Ana cikin haka hoton ya ɗauke, bango ya yi fari. Gidan duka ya taso wa mai lantarki, yana durƙushe yana laluben waya yana cewa a yi masa haƙuri, ba shi ya ƙera ta ba. Da hoton ya dawo, alƙalin wasa na nuna ɗigon da ke gaban ragar Dogo da yatsa: fenareti, kuma lokaci ya kusa cika.

Gangar ta tsaya. Maman Dogo ta rufe fuska da mayafi, sai kuma ta ce wa kanta ai ta yi masa alkawarin za ta gan shi, ta sauke. Iska ta kaɗa zanen, Dogo ya lanƙwashe ya miƙe a jikin bango, yana tafa safar hannunsa. Mai bugu ya ja baya, ya taho, ya narka ta ƙasa ta hagu. Dogo ya bi ta da dukan tsawonsa, ya ture ta da tafin hannu, ta daki ƙarfe ta dawo, ya sake faɗawa a kanta ya rungume.

Ba ta san lokacin da ta fara guɗa ba. Sama da ƙasa ana buga bokitai, ana buga ƙofofi, ana kiran “Maman Dogo! Maman Dogo!” cikin harsunan da rabinsu ba ta ji. Gwaggo na tafi a tagarta tana kuka tana dariya. Da aka hura tashi Kawu ya sauko da gudu, ganga ta fashe a gefe ɗaya, ya durƙusa a gaban yayarsa ya kama hannunta.

Samarin nan biyar suka dawo muryoyi a dishe, suka wuce ɗakin ajiya kamar yadda aka yi da su. Da igiya da bokiti aka riƙa sauke musu abinci, suna ba da labarin fenaretin ta taga, kowa na cewa a gabansa aka yi. Biyu daga cikinsu suka fara zazzaɓi, suka warke a nan, cutar ba ta taka matakala ba. A cikin gari kuwa asibitoci suka sake cika. Da ma'aikatan lafiya suka zo gwada mutanen benen, suka bi hawa-hawa ba su sami kowa da cutar ba. Shugabarsu ta tambayi yadda aka yi, aka nuna mata bango, ta ɗauki hotonsa ta ce za ta nuna wa wasu unguwanni.

Sai da aka gama killace 'yan wasan sannan Dogo ya zo gida, da lambar yabonsa a wuya. Tun daga ƙofa aka tare shi. Kowane hawa sai an tsayar da shi, wannan ya ce ya nuna yadda ya faɗi, wancan ya ɗora masa jariri a hannu a ɗauki hoto. Ya shiga ya gaida Gwaggo, ya daɗe a can. Da ya iso hawa na uku uwarsa na tsaye a ƙofa, ya sunkuya ta kama kansa da hannu biyu tana dubawa.

“Ba sa ba ku abinci ne a can?”

“Suna ba mu, Mama.”

“Ban ga alama ba. Shiga.”

Kafin ta zubo abincin ya yi barci a kujera da takalmansa a ƙafa. Ta cire masa, ta rufe shi. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta leƙa ta ga layi har matakala.

“Ku bar shi ya huta,” in ji ta, tana murmushi. “Ku dawo gobe, yana nan.”