Lamba Ta Talatin Da Takwas

Likitan hanta sau ɗaya yake zuwa daga birnin Dhaka a wata, kuma mutum arba'in kawai yake dubawa. Morjina ta samu lamba ta talatin da takwas. Tana zaune a benci da guntuwar takardar a hannu, cikinta a kumbure kamar ita ce mai juna biyun, ba 'yarta Shiuli da ta rako ta ba.

Watan jiya likitan ya ce wa Morjina hantarta ta ƙandare, kada ta kuskura ta tsallake zuwa ko sau ɗaya. Ta ce to. Ta koma gida ta dafa shinkafa, ta ba agwagi abinci. Ta yi ta jiran kuka ya zo, shiru.

Abin ya faro ne shekara ashirin da biyu da suka wuce, tana da cikin Shiuli. Ƙaiƙayi a tafin hannu da na ƙafa, har da matsefi take susa sai ta ga jini, idanu kuma suka yi ɗorawa. A asibiti aka ce ko ta haihu ta riƙa zuwa gwajin jini, don irin wannan ciwon yakan bar baya da ƙura. Surukarta ta ce shirme, ciwon shawara ne kawai. Ta karɓo sarƙar tsinkaye wurin mai magani, irin wadda ake ɗora wa mutum a ka, tana saki tana sauka, in ta kai ƙafa an ce ciwo ya fita. Ta Morjina kuwa cikin kwana uku ta faɗo ƙasa. Aka yi murna, aka sha ruwan rake. Wa zai koma asibiti bayan sarƙa ta sauka?

"Talatin da biyar!" in ji mai kiran lamba.

Wani ƙarat-ƙarat ya dame ta. Ta duba ƙasa. Shiuli ce ta tuɓe takalmi tana goga tafin ƙafa a ƙafar benci.

"Ke, tun yaushe?"

"Me fa? Kai, Ma, zafin gari ne kawai. Sati biyu."

"Ɗaga mayafinki."

"A gaban mutane? Sai ka ce 'yar sanda!"

Morjina ta janye mayafin da kanta. Ga sarƙar nan a wuyan yarinyar, tsinkaye jere a zare.

"Dadi ce ta kawo min," in ji Shiuli tana dariya, kakarta take nufi. "Jiya a goshi take, yau dubi inda ta kai. Ta ce taki ma haka ta yi, kin ga ai kin warke."

Morjina ta dubi nata cikin. Ko haushin tsohuwar ba ta ji ba. Lissafi kawai ta yi: cikin Shiuli wata takwas, likita kuma sai wani watan.

"Talatin da takwas!"

Morjina ta zare sarƙar ta kan 'yar, ta cusa mata takardar a hannu.

"Shiga. Nuna masa ƙafafunki. Ki ce uwarki ma da haka ta fara."

"Ke fa, Ma? Ba ya ce kada ki tsallake ba?"

"Ana kira."

Shiuli ta shiga, ƙofa ta rufe. Morjina ta zauna da sarƙar a cinya, tana karya tsinkayen ɗaya bayan ɗaya, har aka kira lamba ta arba'in.