Robar Majina a Shagon Injiniya

Tun da safe hancin jaririyar ya toshe. In ta kama nono sai ta saki, ta buɗe baki tana neman iska, ta fashe da kuka. Uwar ta duba kwandon da take ajiye 'yar robar zuƙe majina, babu. Ta ɗaga katifa, ta zazzage jaka, har bayan firij ta leƙa.

Ta kira mijinta, mai gyaran waya, wanda 'yan unguwa ke kira Injiniya don dai su faranta masa. Ya ce aiki ya sha masa kai, shi ina ruwansa da kayan jarirai.

Sai ta goya yarinyar ta nufi kemis sayen wata. Hanyar kuwa ta gaban shagonsa ta bi. Nan ta hango shi da waya a buɗe, yana matsa robar a kanta, yana yi wa wani mai tabarau bayanin cewa na'urar busa ƙura ce ta musamman, ba kowane shago ke da ita ba.

"Sannu da aiki, Injiniya," in ji ta. "Daga wace ƙasa aka kawo maka wannan? Tana kama da ta kwandon 'yarka."

"Ranki ya daɗe, aro na yi."

"Ai na gani. Wayoyin mutane su sha iska, ita ta jira ka tashi aiki."

Ta karɓi ruwan zafi wurin mai shayi, ta wanke robar da sabulu har baƙin ruwan ya daina fita. Ta ture cajoji, ta sauke yarinyar daga baya, ta kwantar da ita a kan teburinsa.

"Riƙe mata kai, in ba zai rage maka daraja ba."

Ya riƙe. Ta ɗiga mata ruwan gishiri a hanci, ta matse robar, ta sa bakin robar a hancin a hankali, ta saki. Abin da ya fito ta fesa shi a tsumman goge gilashinsa. Yarinyar ta yi atishawa, ta kama nono, ba ta saki ba.

Mai tabarau ya dubi tsumman, ya dubi wayarsa.

"Malam, da wannan ka hura mini waya?"

Injiniya ya fara kame-kame. Mutumin ya ce a rufe masa ita haka nan, ƙurar ba ta dame shi ba.