Makon da Baba Ya Saya

Mahaifina, Alhaji Illiyasu Damagaram, ya shekara talatin da biyu yana sarin takalma da mayafai a kasuwar Ataba ta Masar yana aikawa Nijar, kuma ban taɓa jin an ce ya yi kuskure a ciniki ba sai sau ɗaya. Sau ɗayan nan kuwa da shi muka girma muna dariya.

A 1999 ne, ina da shekara goma sha ɗaya, wani saurayi Bamisire mai kwat da ƙamshin turare ya shigo shagonsa da hotuna. Akwai wani wurin hutu, Ƙaryatul Hudhud, can bayan garin Sitta Oktoba, katanga ɗaya ce tsakaninsa da malahi, wato filin wasan nan mai lilo da jiragen yara. A can mako ake sayarwa. Ƙaramin gida ɗaya, da suke kira filla, mutum hamsin da wani abu ke da shi, kowa da makonsa a shekara, har 'ya'ya su gada. Saurayin ya ce makon Idi ne ya rage, kuma gaskiya ya faɗa, don Babbar Sallar shekarar a ƙarshen Maris ta faɗo. Baba, wanda ko ranar haihuwarmu da watan Musulunci yake riƙe ta, ya ji an ce makon Sallah, sai ya sa hannu.

Wannan Sallar ba zan manta da ita ba. Mu da muka taso a hawa na biyar a unguwar Arba wa Nus, ɗaki biyu, ruwa sai an yi sa'a, sai ga mu a filla ta goma sha huɗu da ciyawa a ƙofar gida. Banɗaki tayil ruwan hoda, talabijin mai ƙaton ciki an lulluɓe shi da leshi, ga na'urar sanyi a jikin bango wadda ni da ƙannena, Badamasi da Habu, muke faɗa a kan wa zai tsaya gabanta. Inna ta soya nama a baranda, mu kuma muka hau babban lilo mai kewayawa har Habu ya amayar da hantar da ya ci. Da muka kai can ƙoli na hango Baba a ƙasa cikin farar riga, yana ɗaga mana hula kamar za mu tashi jirgin Jidda.

Shekara ta kewayo. Ranar Arfa Baba ya ɗauki hayar akori-kura, ya ɗaure rago a baya, muka ci ado muka tafi. Muka iso filla ta goma sha huɗu, muka tarar da shanyar wasu a igiya. Wani mutumin garin Tanta mai ƙaton gashin baki ya buɗe ƙofa da singileti. Baba ya ce makonsa ne, mutumin ya ce makonsa ne. Aka je ofis, aka buɗe takarda, aka nuna wa Baba a rubuce baro-baro: makon ƙarshe na watan Maris, kowace shekara. Sallah kuwa ta ja baya da kwana goma sha ɗaya, kamar yadda take yi tun kafin a haifi kakanmu, ta faɗa makon mutumin Tanta.

Sai da muka fito daga ofishin Inna Awadiyya ta tambaye shi, cikin ladabi sosai, yaushe ke nan Sallah za ta dawo makon namu. Baba ya yi lissafi da yatsu, ya sake yi, sannan ya ce shekara talatin da biyu nan gaba. Inna ta ce to Allah ya ba ragon nan tsawon rai.

Mutumin Tanta ɗan halak ne. Ya hana mu komawa, ya ba mu falo, washegari aka yanka ragonmu da nasa a bayan filla. Bayan kwana goma muka sake dawowa makonmu na gaskiya, ba Sallah, ba rago, ba hutun makaranta. Haka muka ci gaba kowace shekara. Baba ya rubuta wa shugaban makarantarmu takarda cewa akwai uzurin iyali, ya ɗinka mana sababbin kaya, ya sayi kaji huɗu. Mu muka raɗa wa makon suna Sallar Baba, shi kuma kullum sai ya ce mu ji tsoron Allah, Sallah biyu ce a Musulunci. Ko shekarar thawra, wato juyin juya halin Masar, da gari ya hargitse kowa ya kulle ƙofarsa, sai da muka je. Mu kaɗai ne a layinmu, malahi ma rabinsa a rufe.

To amma yara suna girma, filla kuwa tana nan yadda aka bar ta. Badamasi ya koma Yamai, Habu ya tafi Kano. Ni na auri Harun, ɗalibin digiri na uku, muka kama hayar shaƙƙa, wato gida a cikin bene, a unguwar Madinat Nasr, na haifi Hauwa. Ban san ranar da wurin ya fara ba ni kunya ba, amma ya fara. Tayil ɗin nan ruwan hoda ya koɗe ya koma kalar tsohon sabulu. Talabijin sai an mare shi yake nuna hoto. Na'urar sanyi in an kunna ta sai a daina hira, kamar an tayar da injin markaɗe a falo. Furannin roba na kan tebur su ne dai na 1999, ƙurarsu ma ina jin ta lokacin ce. Da ƙawayena suka ce in turo hoton hutunmu, sai na fita na ɗauki sama da bishiyar dabino.

A farkon 2015 Baba ya yanke shawarar komawa Damagaram gaba ɗaya. Gwiwa ta hana shi hawa da sauka, kasuwa kuma ba ta koma daidai ba tun thawra. Inna ta riga shi tafiya da kaya. Shi ya tsaya ya yi makon ƙarshe, kuma kafin nan ya sa an mayar da takardar makon da sunana, tunda ni kaɗai na rage a Masar.

A daidai lokacin ne kamfanin wurin ya gama wani dogon bene a bakin ƙofar shiga, mai lifta da intanet da talabijin siriri a bango. Suka ce duk mai tsohuwar filla da ya yarda ya sake ta, za a ba shi ɗaki a benen, kuma kowace shekara shi zai zaɓi makon da yake so. Har makon Sallah na gaskiya. Sharaɗin ɗaya ne, in sa hannu kafin makonmu ya ƙare ranar Asabar. Na faɗa wa Baba da murna, ina ganin na zo masa da maganin kuskuren shekara goma sha shida. Ya ce naki ne, Zainaba, ki yi yadda kika ga dama. Ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Na san ƙannena za su yi mini surutu, don wanda ba ya zuwa shi ya fi kowa son wuri. Saboda haka ranar Alhamis bayan la'asar, Harun ya kai Hauwa ganin dokin katako a malahi, na ɗauki waya na shiga zagaye filla ina ɗaukar hujja. Na ɗauki famfon da ke ɗiga, da kafet ɗin da ya ƙone, da labule mai hoton rakuma. Na shiga ɗakin su Baba, wanda rabona da shi tun ina budurwa, don in ɗauki kabad ɗin kaya da ƙofarsa ke reto. Na buɗe ƙofar sosai don a ga ƙarfen da ya saki, sai na ga rubutu a cikinta tun daga sama har ƙasa.

Na tuna a yarinta na taɓa ganin Baba yana zane-zane a wurin, na ɗauka lissafin kaya ne. Ashe da Larabcinsa na kasuwa ya rubuta a can sama: ni ne mai makon ƙarshen Maris, Idi ya wuce ni, ina jiran ya kewayo. A ƙasa kuma shekaru ne a jere, kowace da ranar da Sallah ta faɗo, tana ja da baya daga Maris zuwa Fabrairu, zuwa Janairu, ta tsallaka Disamba, ta gangaro har Oktoba. Kowace shekara da irin biron da ya samu.

A gefen shekarun akwai hannun mutanen da ban sani ba. Mutumin Tanta ne ya fara: Idinka ya kwana wurinmu bana, ragonku ya fi namu kitse. Wani na Disamba ya rubuta cewa ya zo musu cikin sanyi, sun yi gashi a cikin falo, a yafe musu kafet. Wani yaro ya zana rago mai ƙafa biyar. Na ƙirga hannu tara. Na ƙarshe na bara ne, rubutun mace mai kyau: ya Hajji, Idinka yana wurinmu, mun riƙe shi da kyau, mun sallame shi ya nufo ka, ka ƙara haƙuri.

Na zauna a bakin gado. Duk shekarun nan da nake raina wurin, ashe mutane suna miƙa wa ubana Sallarsa hannu da hannu, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Kunya ta kama ni, kuma ba irin wadda nake ji a gaban ƙawayena ba ce.

Can ƙasa, inda sai na durƙusa na gani, ya tsallake shekarun da ba su zo ba ya rubuta 2032. A ƙarƙashinta sunayenmu ne da shekarun da kowa zai kai a lokacin. Awadiyya saba'in da uku. Zainaba arba'in da huɗu. Badamasi arba'in da biyu. Habu talatin da tara. Sunansa shi ne a sama, Illiyasu, gabansa babu komai. Tawadar tsohuwa ce, irin ta layin farko. Tun shekarar ragon nan ya rubuta.

Na fita baranda. Yana zaune a kujerar roba ya miƙe ƙafar da ke ciwo, yana kallon babban lilo ta saman katanga, ihun yara na tashi yana sauka. Na ce masa na ga kabad. Ya ce ai ya daɗe yana son a gyara ƙofar.

"Baba, me ya sa ba ka rubuta naka ba?"

"Na iya lissafi, Zainaba. Sau ɗaya na yi kuskure."

Na ce ai ga dama ta samu, in na sa hannu ko bana ma sai ya dawo a yi Sallah ta gaske a benen, ba sai an jira ba. Ya yi murmushi ya ce Sallah ta gaske yana yin ta ko'ina, har a hawa na biyar ya yi ta. Ya ce ranar da aka nuna masa takarda a ofis, saura kaɗan ya mayar musu da makonsu don haushi. Amma da ya lissafa ya ga lokacin ni ina da arba'in da huɗu, sai ya ga ba laifi a ce akwai wuri ɗaya a duniya da ni da ƙannena muka san rana da ɗaki, ko kowa ya watse inda ya watse.

"Ban ce dole ba," in ji shi. "Wurin ya tsufa, ina gani. Ni ma da kika gan ni."

Na shiga na ɗauko biron da na tanada don sa hannu, na durƙusa gaban kabad. A ƙarƙashin Habu na rubuta Hauwa goma sha tara. Sannan na koma sama, gaban sunansa, na rubuta tamanin da shida.

Na ji takunsa a bayana, yana jan ƙafa. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Na zaci zai ce in goge, don ba ya son a yi wa Allah shisshigi. Sai ya miƙo hannu ya karɓi biron, ya dafa kafaɗata ya sunkuya da ƙyar, ya ƙara in sha Allah a gaba da ƙananan baƙaƙe. Ya ce in ya kai, ni zan sayi ragon, shi ya yi nasa.

Hotunan da na ɗauka ban tura wa kowa ba sai na ƙofar kabad. Badamasi na ganin hoton ya kira ni.

Ranar Asabar da hantsi, muna ɗaure kaya, ma'aikacin ofis ya zo da takarda a cikin jaka mai sheƙi. Na ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, muna nan a ta goma sha huɗu. Ya dubi labulen rakuma, ya dube ni, ya tambaya ko madam ta shiga benen ta gani kuwa. Na ce na gani, ya yi kyau ƙwarai. Na roƙe shi su turo kafinta ya ɗaure ƙofar kabad ɗin ɗakin ciki, amma kada wanda ya kai fenti cikinta.