Sa Hannun Baban Sito

Shekara ashirin da shida Baban Sito ya yi yana riƙe da sito a kamfanin sayar da tayil. Da aka kawo sabuwar manhajar kula da kaya, aka ce ba za ta fara aiki ba sai ya gwada ta, ya sa hannu cewa ta yi.

Injiniyar manhajar ta ɗora kwamfuta a kan kwali. "Baba, nemo farin tayil mai lamba arba'in."

Ya danna da yatsa ɗaya. Kwali ɗari uku suka fito a fuskar kwamfutar.

"Ka gani? Sai sa hannu."

"'Yata, lambar ɗaya ce, amma ba wuta ɗaya ta gasa su ba. Na watan jiya ya fi na bara duhu. A kwali ba a gani, sai an shimfiɗa a ɗaki."

"Manhajar ba ta raba su haka."

"To, ba zan sa ba."

Manaja, wanda a hannun Baban Sito ya koyi aiki, ya yi dariya. "Haba Baba, fari ai fari ne. Ko tayil ma ƙabila gare shi?"

Washegari a taro aka haska jerin haɗurran aikin a bango. Na ɗaya, ɗaukewar wuta. Na biyu, tsofaffin ma'aikata masu ƙin canji. Maganinsa, sauya musu wurin aiki. Wani direba ya raɗa wa Baban Sito, "Baba, ko a nan ma ba su ba ka na ɗaya ba."

Mataimakin Baban Sito ne ya sa hannun. Shi kuma Baban aka mayar da shi bakin ƙofa, rubuta lambar motoci.

Bayan sati shida wani mai gina otal ya zo da hotuna yana kumfar baki: falo guda, rabi fari tas, rabi kamar an wanke da shayi.

Manaja ya lallaɓo bakin ƙofa da alli a hannu, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, kullum kafin a buɗe, ka riƙa shiga sito kana ware kwalayen, kana sa musu alama da alli. Tsakaninmu."

"A gyara manhajar mana."

"Rahoto ya riga ya tafi wurin masu kamfani, cewa ma'aikata sun karɓe ta hannu bibbiyu."

"Zan koma sitona ke nan?"

"Wannan a bar shi tukuna."

Baban Sito ya daɗe yana kallon motar da ake loda wa kaya. Ɗakin wani bawan Allah za su. Ya karɓi allin.

"Yauwa," in ji Manaja. "Makulli kuma ka riƙa roƙa a wurin mataimakinka."