Shekara Talatin Ba Ta Kalli Allon Ba

Shekara talatin da aure, Malama ba ta taɓa kallon allon tsohuwar kwamfutar mijinta ba. Ba tsoro ba ne, tsagwaron haushi ne. Tun ranar da ya ɗora ta a kan teburin da take duba littattafan 'yan aji ɗaya ta yi rantsuwa, kuma ta riƙe. In za ta share ɗakin, sai ta jefa wa injin tsohon zani tukuna.

Shi kuwa maigidan, tsohon mai gyaran rediyo, yana cikin ƙungiyar masu raya irin waɗannan injuna, shi ke raba musu manhajar haruffan da ke fitowa a allo, kyauta. Kwatsam sai ga wasiƙar lauyan wani kamfani da ya sayi gadon masu ƙera injin: wai haruffan nasu ne, ya janye su cikin wata guda ko a haɗu a kotu. Inji ba haruffa kuwa akwati ne kawai.

Bawan Allah ya ce zai zana nasa. Kowane harafi da ɗigo-ɗigo ake gina shi, cikin gida takwas a tsaye, takwas a kwance. Kwana goma yana ɓata takardu, amma duk wanda ya zana sai ya fito sak na kamfanin, don hannunsa ya riga ya haddace. Abokansa suka ce sai dai a samo wanda bai taɓa ganin na asalin ba. To a ina?

Malama ta ga mutum ya daina taɓa abinci, ya koma zaman tagumi. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ita kaɗai ke da ikon wulaƙanta injin nan, ba wani lauya can ba.

Ranar asabar da hantsi ta ɗauko littafin lissafi mai gida-gida da jan biro, ta ture kwanon shayinsa gefe.

"Maigida, gida nawa ka ce?"

Ya ce takwas-takwas, yana kallonta baki buɗe.

"Na koya wa yara dubu rubutu a kan layi biyu. Tashi ka ba ni wuri."

Sati biyu ta yi, tana cike gidaje tana gogewa. Shi kuma ya kasa zama, sai leƙe. Da ya ce ai wutsiyar wancan harafin a da hagu take lanƙwasawa, ta buge masa hannu da rula kamar ɗan aji, ta kore shi tsakar gida. Ba ta son jin yadda yake a da, rashin sanin ne ma amfaninta.

Da ta gama ya shigar da haruffan cikin injin ɗaya bayan ɗaya, ya aika wa 'yan ƙungiya kyauta. Sannan ya tsaya gaban injin yana kame-kame, ya jawo zanin ya rufe mata shi.

Malama ta yaye zanin da kanta, ta ja kujera ta zauna. Allon ya kawo haske, ga rubutunta nan reras, mai ƙiba, irin wanda yaron bencin baya ke iya karantawa. Idonta ya ciko, ta share da bakin mayafi ta ce ƙura ce.

Da yatsa ɗaya ta buga wa lauyan amsa, tsohuwar firinta ta fitar tana ƙara:

"Ku duba da kyau. In kun ga harafinku ko ɗaya a nan, ku zo ku ɗauka. Ina gida."