Rijiya ta Tara

"Da ƙugu ake juyawa, Manaja, ba da digiri ba."

Malam Muttaka ne daga zaure, inda 'yarsa Zubaida ta jingina shi da matashi biyu don ya riƙa hango marinarsa. Ni kuwa ina bakin rijiyar rini, na naɗe hannun riga, ina kokawa da muciyar da ta fi ni tsawo.

Shekara goma sha tara muna katanga ɗaya a lungunmu na Ƙofar Ɗan Agundi. Rijiyoyi tara ya gada, takwas sun zama shaguna. Ta taran ma babban ɗansa Auwalu ya gama magana da mai tifa, zai cike ta da ƙasa. Kowa ya san abin da yake jira, har Malam ɗin. Shi ya sa kafin ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa ya yi haɗin ƙarshe: ruwa, ganyen baba, toka, kanwa. Ya ce so yake ya ga ta nuna da idonsa. Sabon haɗi kuwa in ba a juya shi safe da yamma, mutuwa yake yi. Auwalu yana da irin ciwon bayan da ke tashi idan ya hango muciya, sai aikin ya faɗo kaina.

Ni ne shugaban sashen kula da muhalli a wata masana'antar jimar fata a Sharaɗa. Duk shekara ina fitar da rahoto mai hoton ganye a bango. Kwatarmu kuma tana fitar da ruwan da babu ganyen da ya taɓa shan sa ya kwana.

A rana ta huɗu na zo da na'urar awon ruwa daga ofis, na tsoma.

"Me ta ce?" in ji Malam.

"Ta ce goma da ɗigo biyu."

"Goma me?"

"Goma dai."

"Allah ya ƙara mata ilimi. Zubaida, miƙa masa ludayi."

Na ɗebo na kai masa. Ya tsoma yatsan da shuni ya zauna a farcensa tun kafin a haife ni, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido har na zaci barci ne.

"Yunwa take ji. Ba ta katsi."

Katsi shi ne lakar da ke kwanciya a gindin rijiya idan rini ya tsufa. A kwashe, a dunƙula, a shanya, a ƙone, tokar ta koma cikin sabon haɗi, ragowar a shafe bangon rijiya da ita. Na taɓa yin kwana uku a otal a Legas wani Bature yana zana mana wannan da kibiyoyi masu zagaye. Har tafi muka yi masa.

"Malam, akwai wata hoda a kasuwa," na ce. "Awa biyu rijiyar nan ta nuna."

"To. In an gama rinin, ruwan ina za ka zuba?"

Na juya zan koma bakin rijiya.

"A'a, tambaya nake yi. Kai ne manaja."

Daga ranar ya daina cin komai sai koko cokali biyu. Da yamma, idan warin rijiya ya cika lungu, ya kan yi hira da mutanen da ba ma gani. Ya gaisa da Buzaye, ya ce su ɗaure raƙumansu nesa da shanya. Ya kira matarsa Lauratu, wadda ta shekara shida a kabari, ya ce ta kwashe zannuwa hadari ya taso, alhali sama wasai take. Wata rana ya daɗe yana kallon sama, ya ce wanda ya rina ta bai yi gaggawa ba.

Ranar Talata Zubaida ta tare ni a bayan zaure, idonta jajir.

"Kawu, likita ya ce kwanaki ne. Don Allah ka zuba mata hodar nan. Ba sai ya sani ba. Ya gani kawai, ya ji daɗi."

Na sayo. Kwana biyu ƙullin yana aljihuna, ina juya rijiya yana dukan cinyata. Ni da na saba sa hannu a kan abin da ya fi wannan muni, sai na kasa kwance leda ɗaya. Har yau ban sani ba, amana ce ta riƙe ni ko tsoron harshen da ba a yi masa ƙarya.

Ranar Alhamis da safe ya tambaye ni, murya kamar daga ƙasan rijiyar, "Ta yi kumfa?"

"Saura kaɗan, Malam."

"Kar ka matsa mata."

Da hantsi ya cika. Kafin azahar mun kai shi, mutumin da ya yi shekara sittin yana hana yadi zama fari, a naɗe cikin fari fat.

Bayan la'asar ana zaman makoki a kan tabarmi, na ga ƙafata ta kai ni marina, don lokacin juyi ya yi. Na ɗaga murfin kaba. Kumfa ta rufe fuskar ruwan, shuɗiya mai ƙyallin jan ƙarfe, tana motsi a hankali kamar mai numfashi cikin barci.

Ban ji zuwan Zubaida ba. Ta daɗe tana kallo. Sai ta zaro wani farin ƙyalle daga cikin hijabi, bai fi kamu biyu ba.

"Ragowar likkafanin ce. Abba ba ya yar da ƙyalle."

Na durƙusa na nutsa shi har gwiwar hannu. Ruwan da ɗumi. Da na ɗago, kore ne shar, yana ɗiga. Ta kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, muka tsaya iska tana shan sa, yana komawa shuɗi daga baki-baki zuwa tsakiya.